Ford ta 1934 da aka datse wa rufi: gyara ne ko ɓarna?

Nura Columbus:
Assalamu alaikum jama'a. Ga hotunan wata mota da na gani jiya Asabar a wani gidan mai kusa da Ohio Expo Center. Wannan makon ake taron tsofaffin motoci na Goodguys da ake yi duk watan Yuli a nan Columbus ta jihar Ohio a Amurka, shi ya sa gari ya cika da su, amma wannan ce ta tsayar da ni cak. Ford ce ƙirar 1934, mai ƙofa biyu da kujerar baya, wadda kamfanin ya sa wa suna Tudor. Ku dubi rufin da kyau. An datse ginshiƙansa an sauko da shi ƙasa, har gilasan gefe suka zama sirara. Ƙofofin a baya aka ɗaure su, ta gaba suke buɗewa. Tayoyin baya manya ne masu faɗi, na gaba ƙanana, sai goshin motar ya sunkuya. An cire marafan gefen inji, komai a fili yana ƙyalli. Da ya tayar da ita, gurnanin har a ƙirjina na ji shi.

Mai ita dattijo ne Bature, matarsa na zaune a gefe, jikoki biyu a baya. Na gaishe shi na nemi izinin ɗaukar hoto, ya ce in ɗauka son raina. Ya ce da hannunsa ya haɗa ta a garejin gidansa. Irin wannan suke kira hot rod. Manyanmu kanikawa, me kuka gani?

Sadiƙu Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Tabarkalla! Yaya Nura, wallahi ban taɓa ganin mota ta zauna daram a kan tayoyinta haka ba. Wannan jan fentin mai duhu kuma ya karɓe ta.

Baba Ɗanjuma Panteka:
Wa alaikumus salam Nura ɗana, ya aiki ya iyali? Na buɗa hotunan na duba su ɗaya bayan ɗaya. Fenti ya yi, walda ba ta nuna ba, wanda ya yi aikin ya san hannunsa. Wannan ba na musu. Amma raina bai so ba. Motar da ta kai shekara 90 a duniya, ta tsallake yaƙi, ta tsallake tsatsa, ta tsallake masu sayen ƙarfe, sai kuma a kawo zarto a sa mata a wuya? Kamar ka gaji babbar riga aska takwas daga kakanka ne, ka kai wa tela ya datse ta ya yi maka 'yar shara. Ko ɗinkin ya yi kyau, rigar ta tafi. Abin da aka yanke daga ginshiƙan nan ba zai dawo ba har abada. Yaron da za a haifa gobe idan yana son ya ga yadda Ford ya ƙera mota a 1934, wannan ba za ta nuna masa ba. Abin da mai ita yake so za ta nuna masa.

Nura Columbus:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na san za ku faɗi haka, shi ya sa na tambaye shi halin da ya same ta. Ya buɗa wayarsa ya nuna mini hotunan ranar da ya ɗauko ta daga wata rumfar gona. Babu inji, babu giya, babu kujeru. Daɓen ƙasa ya ruɓe, kana hango ciyawa ta ciki. Tsakiyar rufin rami ne a buɗe, ruwan sama da ƙanƙara sun yi shekaru suna zuba. Ƙasan ƙofofin duk ya cinye. Ya ce mutanen da ke mayar da mota yadda ta fito daga kamfani sun zo sun duba sun wuce, don kuɗin da za ta ci ya fi abin da za a saye ta in an gama. Da bai ɗauka ba, injin matse ƙarfe za a kai ta.

Baba Ɗanjuma Panteka:
To, ya kyauta da ya cece ta. Amma ceto daban, yanka daban. Wanda ya iya sake daɓe da ƙasan ƙofa ai ya iya barin rufi a inda yake. Sannan wannan injin da nake gani ba nata ba ne. Hadiza 'yata, ke da kika karanci abin, duba mana hoto na huɗu.

Injiniya Hadiza Zariya:
Barkanku da yamma Baba. Kun gani daidai. Injinta na asali V8 ne, wato mai silinda takwas, mai shafaffen kai, bawulolinsa a cikin bulok suke a gefen silinda, fulogi kuma a jere a saman top a fili. Wannan yana da marfin bawul a kowane gefe, kuma distiributa, mai raba wa fulogi wuta, tana can baya kusa da bangon da ya raba inji da direba. Alamar ƙaramin V8 na Chevrolet ke nan, don ɗan'uwansa na Ford a gaba yake ɗauke da tasa. Chevrolet ya fara fitar da shi a 1955, mai lita 5.7 da suke kira 350 kuma ya zo a 1967. Dalilin da ya sa suke yawan sa shi: gajere ne, kwanon baƙin mansa a baya yake da zurfi don haka ba ya karo da ƙarfen da ya gitta shasi a gaba, ga araha, ga kayan gyara a kowane lungu na Amurka.

Nura Columbus:
Haka ne Injiniya, 350 ya ce mini, da giya mai canza kanta.

Baba Ɗanjuma Panteka:
Kun ji ko? Jikin Ford, zuciyar Chevrolet. To me ya rage na 1934 ban da fatar waje da lambar shasi?

Dakta Bashir Kalifoniya:
Baba, a gafarce ni in shiga. Ni ba bakanike ba ne, amma ina zaune a inda abin ya samo asali, kuma ina ganin akwai wani tarihi na biyu da ya kamata mu sa a sikeli.

Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1929, samarin kudancin Kalifoniya ba su da kuɗin sabuwar mota. Abin da ke akwai shi ne tsofaffin Ford Model T, waɗanda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, da Model A da ta biyo baya. A banza ake sayar da su. Sai su saya, su cire madigadi da gilashin gaba da duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara kabireta, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, su gwada gudu. A 1932 Henry Ford ya fitar da V8 a mota mai araha, mai ƙarfin doki 65, a 1934 ya kai 85. Da waɗannan motoci suka fara tsufa, injinansu suka koma cikin jikin Model A mara nauyi. Wato ɗaukar inji daga wata mota a sa a wata, tun ranar farko shi ne sana'ar. A 1937 ƙungiyoyin samarin suka haɗu suka kafa Southern California Timing Association don a riƙa auna gudu da agogo bisa ƙa'ida. Vic Edelbrock, wanda har yau sunansa ke jikin kayan inji, a kan Ford ɗinsa ta 1932 ya riƙa gwada abin da yake ƙerawa a waɗannan tafkuna.

Yaƙin duniya na biyu ya dakatar da komai. A watan Fabrairu 1942 aka daina ƙera motocin farar hula, aka kuma bi gari ana tara tsohon ƙarfe don yin makamai, motoci masu yawa a nan suka ƙare. Sojoji suka karɓe Muroc, yanzu sansanin jiragen yaƙi na Edwards ne a wurin. Da aka gama yaƙi samarin suka dawo da ilimin walda da gyaran injin jirgi, abin ya bunƙasa. Mujallar Hot Rod ta fara fita a Janairu 1948, aka fara makon gudu a filin gishiri na Bonneville a jihar Utah a 1949, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren hot rod ta ƙasa, NHRA, a 1951 don a janye yara daga tsere a kan titi.

Ita kuwa irin wadda Nura ya gani, mai rufi da kujerar baya, da farko raina ta ake yi. Motar iyali ce, tana da nauyi. Ƙungiyar can ta 1937 ma ta daɗe ba ta karɓar mota mai rufi a gasarta, sai wata ƙungiya mai suna Russetta ce ke karɓa. Sai a shekarun 1970, da samarin suka zama magidanta suna neman inda za su zaunar da yara, darajarta ta tashi. Don haka dattijon nan da jikokinsa a baya, shi ma wani babi ne na tarihin Amurka yake tuƙawa.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni tambayata ba ta tarihi ba ce. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Dukiya mai yawa a zuba wa motar da ba ta ɗaukar kaya, ba ta haya, ana fito da ita sai ranar hutu. Mu nan idan mun sa wa tsohuwar mota wani inji, don ta ci gaba da ciyar da gida ne. Mutanen Kyuba ma da suke sa wa tsofaffin motocin Amurka injin gas, larura ce ta sa su, takunkumi ya hana su kayan gyara. Wannan kuwa wace larura?

Nura Columbus:
Malam Isuhu, akwai masu kuɗin da ke kai wa shago su biya a haɗa musu, waɗannan ba zan kare su ba. Amma wannan dattijon ma'aikacin masana'anta ne da ya yi ritaya. Ya ce kaɗan-kaɗan ya riƙa sayen kayan, wasu na hannu a kasuwar tsofaffin kaya da ake ci a wajen irin wannan taro. Babban jikan, wanda bai wuce shekara sha biyu ba, shi ya yi mini bayanin yadda kabireta ke aiki, kuma daidai ya faɗa. A ƙasar da yara ke wuni a kan waya, kakan da ya koya wa jikansa riƙe sifana ban ga asararsa ba.

Alhaji Mamman Kumasi:
Yaya Ɗanjuma, ka bar ni in yi magana a kan rufin, don wannan gonata ce. Tun ina yaro nake bugun bodi a Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, kuma ina gaya maka wanda bai taɓa raba rufi da jikin mota ba bai san abin da mutumin nan ya yi ba.

Kafin zarto ya taɓa ko'ina, sai ka cire gilasai da kujeru da duk wani yadi, ka daidaita motar a kan ƙasa mai lebur, ka tabbatar ƙofofi na rufuwa daidai. Sannan ka shiga ciki ka yi wa jikin katanga da bututun ƙarfe, gicciye da tsaye, ka kama da walda. Idan ka manta wannan, kana cire rufi jikin zai buɗe, ƙofa ba za ta sake shiga gurbinta ba. Sai ka ɗauko tef ka zagaye kowane ginshiƙi da layi biyu, tazararsu daidai da abin da za ka cire, a ce inci uku. Ba a wuri ɗaya ake yanka duka ba, kowane ginshiƙi sai ka nemi inda ya fi miƙewa, inda sama da ƙasa suke da faɗi ɗaya.

Matsalar tana zuwa ne lokacin da ka sauke rufin. Ginshiƙan gaba a kishingiɗe suke, jikin motar kuma yana tsukewa yayin da yake hawa sama. Don haka rufin da ka sauke ba zai haɗu da ƙasan ba, zai zama ya yi gajere. Dole ɗaya cikin biyu: ko ka tsaga rufin ka ja gabansa gaba ka cike gibin da sabon ƙarfe, ko ka ƙara kwantar da ginshiƙan gaba. A mota mai kujerar baya aikin ya ninka, don akwai dogayen tagogin gefe, akwai tagar baya, akwai kusurwoyin baya masu lanƙwasa ta kowace fuska. Kowace ƙofa ma sai an datse samanta daidai da haka, har da ƙarfen adon da ke zagaye taga ta ciki.

Ku sake duba hoto na biyu. Ku bi layin da ya taso daga saman gilashin gaba ya bi ta kan ƙofa har baya. Babu inda ya karye. Hasken rana ya kwanta a kan fentin bai yi rawa ba. A fenti mai duhu ba a ɓoye ƙarya. Kuma ramin rufin da Nura ya ambata, ba lalacewa ba ce kawai, haka suke fitowa. A lokacin ba a buga rufi da ƙarfe guda ba, tsakiyarsa katako ne da raga da yadi mai hana ruwa. General Motors ne ya kawo rufin ƙarfe zalla a 1935, Ford sai 1937. Masu wannan aiki sukan yanko rufin wata doguwar mota ta baya-baya su liƙa a wurin. Walda a kan ƙarfe mai faɗi haka, ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, in ba haka ba zafi ya murɗe shi duka. Na ga sana'a a nan, kuma ina girmama ta.

Sadiƙu Ƙofar Ruwa:
Alhaji, gilasan fa? Ina ake samun masu wannan girman, tunda kamfani bai yi su ba?

Alhaji Mamman Kumasi:
Yaro, nan ne tsohuwar mota ke da sauƙi. Gilasanta duk shimfiɗaɗɗu ne, babu lanƙwasa. Kwali za ka yanka daidai da tagar ka kai wa mai gilashi. Irin mai ɓawo biyu da roba a tsakiya ake amfani da shi: a ja layi a fuska ɗaya a karya, a juya a ja a ɗaya fuskar a karya, sannan a ɗumama robar a yanke da reza. Amma irin wanda aka gasa, na tagogin motocin yanzu, ba ya yankuwa. Kana taɓa shi zai watse ya zama tsakuwa.

Injiniya Hadiza Zariya:
Baba, ni a kan rufin ina kusa da ra'ayinku, don datse shi ado ne kawai a motar da ba tsere za ta yi ba, har ma yana rage wa direba gani. Fitilar kan hanya da ke rataye a sama sai ya sunkuya kafin ya hango ta. Masu gudu a filin gishiri suna da hujja, suna rage faɗin da iska ke bugawa. Mai kai jikoki yawo ba shi da wannan hujjar.

Amma abin da ke ƙarƙashi, a nan ba zan bi ku ba. Ford ta 1934 birkinta na sandunan ƙarfe ne, daga ƙafar direba zuwa ganga huɗu, babu man birki. Henry Ford ya daɗe yana ƙin birkin mai bayan abokan gasarsa sun karɓa. A 1937 ya koma waya, sai a 1939 ya yarda. Idan sandunan ba su daidaita ba, taya ɗaya ta riga sauran kamawa, motar ta ja gefe. Wutarta bolt shida ce, fitilunta ba su kai na yanzu haske ba. Babu bel ɗin kujera. Sandar sitiyari ƙarfe guda ce miƙaƙƙiya da ta nufi ƙirjin direba. Shi kansa injin mai shafaffen kai, hayaƙinsa ta cikin bulok yake bi kafin ya fita, yana dafa ruwan, shi ya sa ya yi suna wajen zafi a cunkoso. Wannan motar a kan babban titin Ohio, tsakanin tirelolin su Yaya Nura, da yara biyu a baya?

Kuma duk wanda ya ninka ƙarfin inji sau uku ko huɗu, wajibi ne ya bi sauran. Shasin asali buɗaɗɗe ne ta ciki, sai an rufe shi da farantin ƙarfe ya zama akwati don kada ya murɗe. Aksul ɗin baya sai an canza, yawanci da na Ford mai inci tara da ya fito a 1957. Birkin gaba ya zama na faifai, da tukunyar man birki mai ɗaki biyu, ta yadda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Yaya Nura, ka lura da waɗannan?

Nura Columbus:
Na leƙa ta bayan tayar gaba, faifai ne. Bel kuma akwai har a baya, don na ga ya ɗaura wa yaran kafin su tashi. Aksul ɗin gaba irin na dā ne guda ɗaya da sifirin a gicciye, sai dai an lanƙwasa bakinsa biyu sama don gaban ya sauka.

Baba Ɗanjuma Panteka:
'Yata, birki ban taɓa jayayya a kansa ba. Rai ya fi ƙarfe. A sa mata birkin 1939 ko na 1940, da kusoshi ake ɗaurawa, ranar da aka so a kwance. A sa bel. A sa babban lagireto. Ni ƙa'idata a gareji ɗaya ce tun ina yaron shago: duk abin da sifana za ta iya mayarwa, yi. Abin da sai zarto, tsaya ka yi tunani sau bakwai. Kuma injin nan mai shafaffen kai da kike kushewa, Ford ya yi ta ƙera shi har 1953, shekara 21 yana jan motoci da manyan motocin kaya. Bashir da bakinsa ya ce a kansa samarin can suka koyi sana'a. To in tarihin nasu ake girmamawa, me ya hana dattijon ya nemo shi ya ɗora masa kabireta biyu ko uku irin na zamanin? Da na ce Ford ce ta ci ado. Alhaji Mamman, na yarda hannun mutumin ya iya. Iyawa ba ita ce hujjar yi ba.

Dakta Bashir Kalifoniya:
Baba, akwai Amurkawa da yawa da ke tare da ku a kan wannan. A wurin taro za ka ga an wuce mota mai 350 ba a waiwaya ba, an taru a kan mai tsohon inji da kabireta Stromberg 97 a jere. Akwai kuma ƙungiyar Early Ford V-8 Club da aikinta ke nan, adana motocin 1932 zuwa 1953 yadda suka fito, ga gidan tarihin irin waɗannan motoci a garin Auburn na jihar Indiana. Ga kuma babban gidan tarihin Henry Ford a Dearborn. Yaron goben da kuka ambata yana da inda zai je ya gani. Tudor ita ce ƙirar da Ford ya fi sayarwa a waɗannan shekaru, dubban ɗaruruwa aka yi, ba irin motocin alfarma na Duesenberg ba ce da ake ƙirga su ɗaya-ɗaya. Wani abin lura ma, Chevrolet na wancan zamani sun sayu sosai, amma jikinsu katako ne a ciki aka lulluɓe da ƙarfe, katakon na ruɓewa motar ta zube. Ford ya fi yawan ƙarfe, shi ya sa nasa suka fi saura.

Gardamar nan taku an shekara da shekaru ana yin ta a nan Amurka. Gasar Pebble Beach, inda ake baje motocin da suka fi daraja a duniya, sai a 1997 ta buɗe wa hot rod aji na kansu. Yanzu motar da aka datse a shekarun 1940 ita ma ana adana ta yadda mai datsewar ya bar ta, ba a yarda a taɓa. Kuma akwai kamfanoni irin su Brookville Roadster, nan Ohio kusa da Nura, da ke buga sabon jikin Ford na 1932 da ƙarfe, wasu kuma suna yi da faiba.

Baba Ɗanjuma Panteka:
Alhamdu lillahi, ka kawo mini hujjata da kanka. Tunda ana buga sabon jiki, mai son yanka ya sayi sabo ya yanka son ransa. Na asali kullum raguwa suke, ba a haifar wasu. Yawan da ake taƙama da shi, mu ma mun taɓa taƙama da shi. Lokacin da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, wa ya taɓa tunanin za a wayi gari ana neman 404 mai lafiya a rasa?

Alhaji Mamman Kumasi:
Wannan maganar ta taɓa ni, Yaya. Amma ka duba wa ya cinye namu. Ba masu ado ba ne. Mun yi ta aiki da su har suka mutu, sannan masu sayen ƙarfe suka zo da sikeli. Manyan motocin nan masu bodin katako da rubutu a goshi, da idona na ga ana farfasa su da guduma ana lodawa. Da a ce akwai samari a cikinmu da ke ganin tsohuwar mota su ji sha'awar su mayar da ita abin fita ranar Sallah, ko da sun canza mata inji, ko da sun sauya mata kama, da yau muna da abin nuna wa jikoki. Motar da ake so ita ke rayuwa. Ni na fi son in ga Ford ɗin nan da gajeren rufi tana tafiya da in ji labarin doguwar da aka narka.

Isuhu Maraɗi:
A kan masu sikeli kam gaskiya ne Alhaji. Nan ma 404 ɗin ɗaukar kaya da suka yi ta zirga-zirgar kasuwannin ƙauye saura ƙalilan. Sai dai har yanzu ina nan a kan bakana game da kuɗin.

Sadiƙu Ƙofar Ruwa:
To iyayena, tunda magana ta zo nan. Akwai 504 ta kawuna a bayan gidanmu, ta fi shekara goma a ajiye, tayoyi sun nutse, amma jikinta bai ruɓe ba sai ɗan ƙasan but. Masu ƙarfe sun zo sun taya, kawu ya ce in ina so in ɗauka. Tun da na ga hotunan Yaya Nura nake tunanin in sauke mata rufi, in sa mata V6 na Toyota da manyan tayoyi. Kaya ba za su ba ni wahala ba, a cikinsu nake kwana. Alhaji Mamman, zai yiwu?

Alhaji Mamman Kumasi:
Kada ka soma. Ford ɗin can jikinta daban, shasinta daban, ko ka cire rufi shasi na riƙe da nauyi. 504 salun jiki da shasi abu ɗaya ne, rufin yana cikin abin da ke riƙe ta. Ga gilashin gaba da na baya masu lanƙwasa. Wanda zai yi wannan aiki ya fito lafiya sai ya shekara yana yi, kai kuma ba ka taɓa riƙe tocin walda ba.

Injiniya Hadiza Zariya:
Kuma in ka sa V6, duk abin da na lissafa ya hau kanka: birki, farfela, aksul, lagireto, da gyara takardun mota su nuna lambar sabon inji. Ƙanena, fara tayar da ita da nata tukuna ka ji yadda take tafiya.

Baba Ɗanjuma Panteka:
Sadiƙu, ka gaya wa kawunka ka karɓa, ka sallami masu sikeli yau ɗin nan. Amma kada ka kawo batir ka ce za ka murza makulli. Cire fulogi huɗun, ka zuba baƙin mai kaɗan da kananzir a kowane rami, ka bar shi kwana uku. Sannan ka sa sifana a kan kusar fulin karanshaf ka gwada juyawa da hannu a hankali. In ya juya, ka zubar da tsohon mai, ka sauke tanki a wanke shi, don fetur ɗin da ya shekara goma ya zama danƙo, zai toshe maka kabireta nan take. In ya ƙi juyawa kada ka sa ƙarfi, kuma kada ka bar wani yaro ya cire top ya yi ta juya injin. Silib ɗin 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune, in ba a danne su ba za su ɗaga, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Robobin birki da tiyo duka sababbi za ka saya, kada ka yarda da na jikinta ko sun yi kyau a ido. Ka ɗauko mini hoton ƙasan but ɗin da wajen da shokazoba na gaba ke ɗaure, ka turo kafin ka kashe ko sisi. In wuraren nan biyu suna da rai, ka nemi motar da za ta jawo ta zuwa Kaduna bayan Sallah, ka zo da kayan aikinka, a gabanka za a yi komai.